Daga Hunturun Zariya Zuwa Gumin Legas: Abin da Gudun Famfalaki Ya Koya Mana

Mu dai a ganinmu mun san zafi. Duk wanda ya yi watan Afrilu a Zariya, ya kwana a ɗaki ɗaya da mutum shida, fanka tana hura musu iska kamar daga bakin murhu, ba zai yarda wani ya zo ya koya masa zafi ba. Shi ya sa ranar da Malam, dattijon da yake horar da mu a filin wasa, ya ce mu yi hattara da zafin Legas, dariya muka yi. Ɗayanmu ya ce, "Haba Malam, mu fa 'yan Arewa ne." Malam bai yi musu ba. Ya ce, "To yarana, gani ya kori ji."

Mu biyar ne, dukkanmu ɗaliban jami'a 'yan aji biyu da aji uku. Akwai wanda muke ce wa Dogo, wanda ya tashi a Pankshin ta Jihar Filato, garin da ya yi suna wajen fitar da masu gudun dogon zango. Ya fi mu gudu nesa ba kusa ba. Akwai wanda muke ce wa Likita saboda yana karanta ilimin yadda jikin ɗan Adam yake aiki. Akwai Auta, wanda bai daɗe da cika shekara sha tara ba. Sai mu biyu da ba mu da wani laƙabi. Wata huɗu muka yi muna tara kuɗin mota daga ɗan abin da ake turo mana daga gida, don mu je gasar gudun famfalaki ta Legas, wadda aka fara a shekarar 2016, kuma galibi a watan Fabrairu ake yin ta.

Ga ƙannenmu da ba su sani ba, gudun famfalaki, ko gudun ya-da-ƙanin-wani, shi ne wanda Turawa suke kira marathon. Tsawonsa kilomita 42 da mita 195, wato ya ɗan haura rabin tafiyar Zariya zuwa Kaduna. Sunan ya samo asali ne daga wani gari a ƙasar Girka, inda labari ya nuna cewa wani manzo ya taso da gudu har birnin Atina don ya kai albishir ɗin nasara a yaƙi. Wannan tsawo da ake amfani da shi yanzu kuwa, a gasar Olamfik ta Landan a 1908 aka fara gudunsa.

Gumin da ba a gani

Daga Nuwamba zuwa Janairu muka yi atisaye, kuma duk a cikin hunturu. Mukan fita da sassafe, wasu da rigar sanyi, hazo ya rufe hanyar Samaru, leɓe ya tsage, hanci yana zafi. Sai mu yi gudun awa biyu mu dawo riga a bushe. Abin da kawai muke gani shi ne wani farin zane kamar na alli a bayan riga da gefen hula. Dogo yana yawan cika baki cewa shi ba ya gumi, don haka ba ya buƙatar ruwa.

Wata Asabar Likita ya aro sikelin awon nauyi. Ya sa kowa ya hau kafin mu fita, ya rubuta. Da muka dawo bayan awa ɗaya da rabi, muka sake hawa. Dogo, wanda bai kurɓi komai ba, ya ragu da kilo ɗaya da rabi. Likita ya ce wannan ba kitse ba ne ya narke, ruwa ne ya fita, kuma kowane kilo ɗaya daidai yake da kusan lita ɗaya. Farin zanen nan kuma gishirin jikinmu ne da gumi ya bari bayan ya bushe.

A nan ya yi mana bayanin da sai daga baya muka gane nauyinsa. Idan mutum yana gudu, tsokarsa tana haifar da zafi mai yawa, kuma babbar hanyar da jiki yake fitar da zafin ita ce gumi. Amma ba fitowar gumin ce take sanyaya jiki ba, bushewarsa ce. Kamar randar ƙasa ce: ruwan cikinta yana yin sanyi ne saboda damshin da yake tsatsowa ta jikinta yana bin iska. A lokacin hunturu iskar Zariya a bushe take ƙayau, tana lashe gumi tun kafin a gan shi, jiki ya yi sanyi. A Legas kuwa iskar ta riga ta ƙoshi da laimar teku, ba ta da wurin karɓar wani ruwa. Gumi zai yi ta zuba yana ɗiga ƙasa, mutum ya yi asarar ruwa, zafin kuma yana nan a jikinsa.

Ya ƙara da cewa idan ruwan da mutum ya rasa ya wuce kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa, gudu yakan fara yi masa wuya, musamman a cikin zafi, domin jini ya ragu kuma zuciya tana ƙara bugawa don ta cike giɓin. Mai kilo 60 ke nan, da ya rasa lita ɗaya da 'yan kai ya shiga wannan hali.

Guzurin cikin jiki

Maganar abinci Malam ne ya riƙe ta. Ya ce jiki yana da rumbu, inda yake ajiye sukarin da ya samo daga abinci mai sitaci, irin su shinkafa, tuwo, doya, dankali, taliya da burodi. Rumbun yana cikin tsoka da hanta, kuma masana suna kiran abin da ke cikinsa gilaikojin. Matsalar ita ce rumbun ƙarami ne. Ko an cika shi, ga yawancin mutane yakan ƙare a wajen kilomita 30, alhali da sauran 12 a gaba. Daga nan ƙafa take yin nauyi kamar an ɗaura mata dutse.

Don haka ya ba mu doka uku. Ta farko, kwana biyu zuwa uku kafin gasa mu rage gudu, mu ƙara shinkafa da tuwo da doya, mu rage mai da yaji da wake. Ta biyu, a kan hanya mu riƙa cin wani abu kaɗan-kaɗan tun kafin yunwa ta zo. Masana suna ba da shawarar giram 30 zuwa 60 na abinci mai sukari ko sitaci a kowace awa, kuma ayaba matsakaiciya guda ɗaya tana da kusan giram 25. Mu dabino muka zaɓa, don ba ya lalacewa a aljihu kuma mun saba da shi. Ta uku, ita ce ya fi nanatawa: ranar gasa ba a gwada sabon abu, ko abinci, ko abin sha, ko takalmi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanya

Ranar Laraba da yamma muka hau doguwar bas. Muka bi ta Kaduna da Abuja cikin dare da sanyi, kowa ya ƙudundune. Da muka sauka miƙe ƙafa a Lakwaja, inda kogin Neja ya haɗu da Binuwai, sai muka ji iskar ta sauya. Ta yi laushi, ta yi nauyi, leɓenmu da ya yi wata uku a tsage ya daina zafi. Masu soyayyen kifi suka kewaye motar, ƙamshi ya cika wurin. Muka haɗiye yawu muka sayi ayaba da burodi, don Likita ya ce ɓacin ciki a wannan mako yana iya rushe aikin wata huɗu.

Washegari muka shiga Legas ta hanyar Badun. Masaukinmu gidan kawun Auta ne a Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama, kuma ba ta da nisa da Surulere inda za a tashi gudun. Ga mai shayi, ga mai tsire, ga Hausa a bakin kowa, kai ka ce Tudun Wada kake. Jikinmu ne kaɗai ya ƙi yarda cewa muna gida. Muna zaune ba ma yin komai, riga tana manne wa baya. Muka yi wanka, kafin mu gama sa kaya mun sake jiƙewa. Singiletin da muka wanke da yamma, da safe muka tarar da ita da damshi. Kawu ya dube mu ya yi dariya, ya ce, "Ku da za ku yi gudu, tun ba a fara ba kun zama kamar kajin da ruwa ya doka."

Jiki yana iya sabawa da irin wannan yanayi, amma yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14 ana motsa jiki a cikinsa. A wannan tsakanin yakan koyi fara gumi da wuri, ya rage gishirin da yake zubarwa, ya ƙara ruwan jini. Mu kwana biyu kawai muke da shi, saboda karatu da ƙarancin kuɗi. Muka kira Malam a waya, ya ce tunda haka ne, dabara ɗaya ta rage: mu manta da lokacin da muka saba yi a Zariya, mu rage gudu tun daga farko, kuma kada mu wuce wurin ba da ruwa ko ɗaya.

Ba mu kaɗai zafi yake bai wa tsoro ba. A gasar duniya da aka yi a Doha a 2019, sai wajen tsakar dare aka tashi gudun famfalaki na mata don a guje wa rana, amma duk da haka 28 daga cikin 68 ba su ƙarasa ba. A gasar Olamfik ta Tokiyo kuwa, ɗauke gudun aka yi gaba ɗaya aka kai shi Sapporo da ke arewacin Japan, saboda tsoron zafi. Shi ma Kelvin Kiptum na Kenya, da ya kafa tarihi da awa 2 da daƙiƙa 35 a Oktoban 2023, a sanyin safiyar birnin Chicago ya yi shi.

Ranar Juma'a da dare matar Kawu, wadda muke kira Inna, ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuɓewa marar yaji, kamar yadda muka roƙa. Likita ya haɗa mana ruwan gishiri da sukari irin wanda iyayenmu suke bai wa yara masu gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dogo bai ci tuwon sosai ba. Wani abokinsa na sakandare ya zo ya ja shi, bai dawo ba sai sha ɗaya da rabi, ya ci tsire da farfesu mai yajin da har yana share hanci.

Kan gada

Ƙarfe uku da rabi na dare muka tashi, muka sha kunun gero da burodi da ayaba, don abincin ya samu awa uku ya sauka. Kowa ya duba fitsarinsa kamar yadda aka koya mana: idan ya yi fari-fari da ɗan ruwan ɗorawa, jiki ya ƙoshi, idan ya yi duhu kamar shayi, da sauran ƙishi. Muka shafa basilin a hammata da cinyoyi don kada riga ta goge fata, muka sa fararen riguna marasa nauyi da hula. Bayan asuba muka nufi Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere, wanda ya karɓi gasar wasannin Afirka a 1973.

Ba mu taɓa ganin taro irin wannan ba. Dubban mutane, maza da mata, matasa da masu furfura, har da masu keken guragu. A can gaba aka jera ƙwararru 'yan Kenya da Habasha, sirara kamar sillen kara. Wajen ƙarfe shida da rabi aka tashi. Tun kafin mu bar Ojuelegba mu hau titin Ikorodu, gumi ya fara sauka ta gira, rana kuwa ko fitowa ba ta yi ba. Dogo ya waiwayo ya ce, "Sai mun haɗu a ƙarshe," ya ɓace cikin mutane. Mu huɗu muka tsaya tare. A kowane wurin ba da ruwa mukan rage gudu, mu kurɓi kaɗan, mu zuba sauran a ka da wuya. Duk bayan kamar minti ashirin kowa ya jefa dabino biyu a baki.

Bayan kilomita goma da ɗoriya muka hau gadar Third Mainland, wadda aka kammala a 1990, mai tsawon kilomita 11.8 a kan tafkin Legas. A ranar an hana motoci bi, sai ƙarar takalma kawai kake ji. Ruwa hagu, ruwa dama. Daga gefe muka hango gine-ginen Jami'ar Legas, can gaba kuma ga gidajen katako na Makoko a tsaye a cikin ruwa, masunta suna tuƙa kwalekwale. Wuri ne mai kyan gani ƙwarai, amma babu bishiya ko ɗaya, babu inuwa ko ta tafin hannu. Rana ta ɗago, kwalta ta fara mayar da zafi, ga ruwa iya ganinka amma ba na sha ba.

A nan Auta ya fara wani kuskuren na daban. Tsoro ya sa duk inda ya ga ruwa sai ya shanye gora guda, har cikinsa yana ƙara. Likita ya riƙe masa hannu ya ce ya dakata. Shan ruwa fiye da abin da jiki yake fitarwa yana tsinka gishirin jini, wato sodiyam, kuma hakan yana kawo ciwon kai, amai da ruɗewa, har yana iya kisa. Ya ce masa ya sha gwargwadon ƙishinsa, ya haɗa da ruwan gishiri da sukarin da ke ƙugunsa.

Muna dab da sauka daga gadar muka hango wata doguwar farar riga tana tangaɗi, tana tafiya hagu tana dawowa dama. Dogo ne. Muka kira shi, ya dube mu kamar bai taɓa ganinmu ba. Fuskarsa ta canza, jikinsa zafi kamar tukunya, ya yi amai a gaban rigarsa. Likita ya tambaye shi inda muke, ya ce filin makaranta. Daga baya ne muka ji cewa wuraren ruwa huɗu ya wuce bai tsaya ba, wai kada ya ɓata lokaci, ga cikinsa yana murɗawa tun daga Surulere.

Ruɗewa da tangaɗi a cikin zafi alama ce ta haɗari babba, domin zafin ya fara taɓa ƙwaƙwalwa. Abin da ake yi shi ne a tsayar da mutum ko yana so ko ba ya so, a sanyaya shi nan take, a kira ma'aikatan lafiya. Muka zaunar da shi, muka cire masa riga, muka zazzage masa duk ruwan da ke hannunmu, wasu da ba mu san su ba suka miƙo nasu, muna yi masa fifita da huluna. Ba mu ɗura masa ruwa a baki ba, don wanda hankalinsa bai dawo ba yana iya shaƙewa. Motar asibiti ta iso, suka sa masa ƙanƙara a wuya da hammata. Likita ya cire lambar ƙirjinsa ya cusa a aljihu, ya ce, "Ku je ku ƙarasa mana, ni ina tare da shi." Wata huɗu shi ma ya yi yana shiri, kuma lafiyarsa ƙalau, amma ya shiga motar.

Mu uku muka ci gaba, jiki a sanyaye. Muka ratsa Ikoyi da manyan gidajenta, muka hau gadar Lekki mai igiyoyin ƙarfe da aka buɗe a 2013. A wajen kilomita 32 rumbun da Malam ya faɗa ya nuna mana gindinsa. Ƙafa ta ƙi ɗaguwa, tsokar ƙwaurin Auta ta ɗaure. Muka koma gudu kaɗan, tafiya kaɗan, muna tauna sauran dabino. Wata mata a bakin hanya ta miƙo mana yankakken lemo tana mana magana da Yarbanci, ba mu ji abin da ta ce ba amma mun gane. Sannu ba ta hana zuwa. Bayan awa biyar da 'yan mintoci muka shiga Eko Atlantic, sabuwar unguwar da aka gina a kan yashin da aka cike bakin teku da shi, aka rataya mana lambobin yabo. Kafin mu zauna muka kira Likita. Ya ce an ƙara wa Dogo ruwa, ya farfaɗo, har yana tambayar ko an gama gudun.

Ga ƙannenmu

Yawancin manyan gasannin famfalaki ba sa karɓar wanda bai kai shekara 18 ba, kuma hakan daidai ne, jikinku yana kan girma. Amma kuna gudun mita 1500 da 3000 a gasar makaranta, kuna buga ƙwallo da rana tsaka a watan Maris da Afrilu, kuma dokar ɗaya ce. Ku ci abinci awa biyu zuwa uku kafin wasa, kada ku fita da yunwa. Ku sha ruwa tun da safe, ku tafi da gorarku. Bayan wasa ku sha kunu ko fura da nono, ku ci abinci mai ɗan gishiri. Kada ku yarda wani ya ba ku ƙwaya ko lemon ƙara kuzari wai don ku fi gudu, suna ɓoye gajiya ne kawai, gajiya kuwa ita ce take gaya muku ku tsaya. Idan kuka ga abokinku yana tangaɗi ko yana maganar da ba kai, ku tsayar da wasan, ku kai shi inuwa, ku zuba masa ruwa, ku kira malami.

Da yammacin ranar Inna ta aika aka sayo mana burodin Agege da wake mai yaji irin na Legas, wanda muka yi kwana biyu muna kallo ba halin ci. Dogo ya ci kaɗan, ya yi shiru. Can ya ce wa Likita, "Ɗan'uwa, na ci maka gudunka." Likita ya ce masa bashi ne, baɗi zai biya.

A hanyar dawowa, muna wuce Lakwaja iska ta fara bushewa, kafin Abuja leɓe ya soma tsagewa, rigunanmu suka bushe a jikinmu. Dogo yana gefen taga da gorar ruwa a cinya, yana kurɓa lokaci-lokaci ba wanda ya tuna masa. Da muka je gaida Malam, ya saurari labarin har ƙarshe bai ce ai na faɗa muku ba. Ya ce mu huta mako biyu, kuma idan damina ta sauka, ranakun da iska take yin nauyi kafin hadari, a nan za mu fara shirin baɗi. Mun riga mun buɗe sabon asusu, kuma wannan karon mun sa kuɗin kwana goma a Idi-Araba cikin lissafi.